Yadda Na Rabar Da Kayan Ordinatar Ɗiyata

A gidanmu, tun zamanin mahaifina, idan kaya suka zo daga wanda ya tafi biɗa, wato ci-rani, ba a buɗe su a ɗaka. Tabarma ake shimfiɗawa a tsakar gida, a kira dangin da Allah ya sa suna gari, maigida ya zauna ya kwance bakin buhu da hannunsa, ya bi kowa da tsarabarsa. Ko sabulu guda ne ya rage sai an yanka shi da zare. Abin kunya shi ne mutum ya zauna a bakin tabarmar nan ya tashi hannu wofi. Ni na gaji wannan aiki, kuma ina ji da kaina a kansa, domin shekara da shekaru ba wanda ya taɓa barin tabarmata yana ƙunƙuni.

A bazarar da nake magana, ɗana na biyu yana shekararsa ta uku a Abijan, yana sayar da takalma a bakin wata kasuwa. Autata kuwa tana shekarar ƙarshe a makarantar koyon aikin likita a Tawa. Abin da ya rage mata shi ne wani dogon rubutu da suke kira memuwar. Ta zaga ƙauyuka ta tambayi mata yadda suke yaye ƴaƴansu, sai ta rubuta abin da ta gano ta kai wa malamanta kafin ranar da suka yanka. Wanda ya kai a kan lokaci zai tsaya gabansu ya kare aikinsa, sunansa ya shiga cikin waɗanda za a ɗauka aiki a shekarar. Wanda ya makara sai bayan damina, lokacin kuwa an rufe ɗauka.

Rubutun nan ya fi ni yawon duniya. Wani sashe ta buga shi a salula da manyan yatsunta biyu. Wani a ordinatar ƙawarta, wato kwamfuta, idan ƙawar ta tafi wanka. Wani a wani shago a Tawa inda ake bin layi. Tana ɗaukar shi daga wannan na'ura zuwa waccan a cikin wani ɗan abu da ake kira kile, wanda shi ma aro ne. Daga baya matar wani malaminsu ta ji tausayinta ta ba ta tsohuwar ordinatar, irin mai ninkewa kamar littafi, mai nauyin ɗan dutsen niƙa. Auta ta tattara komai a cikinta, ta share na salula domin wuri ya cika, ta mayar wa mai kile abinsa.

Na'urar ta tsufa ƙwarai. Batirinta ya mutu tuntuni, ba ta aiki sai igiyar wuta tana maƙale a jikinta, kuma idan aka kunna ta sai a dafa shayi a sha na fari kafin ta buɗe ido. Ana haka, lokacin da Auta take sitaj, wato gwajin aiki a asibiti, a Madawa, sai cajar ta ƙone. Mai gyara ya zazzage kwandonsa kaf, bai sami wadda ta dace da bakinta ba. Sai ta kira yayanta, ta karanta masa lambobin da ke ƙarƙashin na'urar. Shi kuma ya zaga kasuwannin Abijan ya samo abu uku: caja, da batiri, da wani ɗan abu da ke sa na'ura ta yi sauri. Ya sa su a ƙaramin kwali, ya cusa a gindin buhun tsarabar gida, ya ba wani direba ɗan wajenmu.

Duk wannan daga baya na sani. An dai gaya mini tun a ranar, a rubuce, amma ina zuwa wurin.

Buhun ya iso ƙauyenmu na kusa da Buza ranar da ake suna a gidan ƙanena, gari cike da dangi. Aka shimfiɗa tabarma. Sukari, ganyen shayi, sabulu, atamfa turmi biyu, takalman roba, tocila uku. Na raba, na raba, har na ga gindin buhu, kowa ya samu. Ina cikin gyara zama domin a yi addu'a sai ga mutum uku sun shigo tare daga gidan sunan, suna sakace haƙora: yayana da ke Tamaske, wanda ya goya ni a bayansa, da taubashina na Keita, ɗan gwaggona, da ƙanwata da ke aure a Urno. Suka zauna a bakin tabarma. Ga tsaraba ta riga ta ƙare.

Na sake zura hannu a buhu ba don ina tsammanin komai ba, sai na taɓa ƙaramin kwali, da takarda a manne a kansa. Shekara uku na yi a lakkol, makarantar boko, kafin mahaifina ya cire ni ya ba ni awaki. Ina karatu, amma a hankali, kuma sai da madubin ido, madubin kuwa yana ɗaka. Na gane "Baba", na gane gaisuwa. Mushe, wato malamin makarantar garinmu, yana zaune a gefe, ya miƙo hannu.

"Kawo in karanta maka, Baba."

"Gaisuwa ce kawai," na ce, na ninke ta na sa a aljihu. Ba zan bari a karanta mini takardar ɗana a gaban surukaina ba.

Na yage kwalin. Abu uku, ga mutum uku. Wallahi a lokacin sai na ji kamar Allah ne ya tsara mini. Doguwar baƙar igiya mai ɗan akwati a tsakiya, ita ta fi girma, na ba Yaya. Wani baƙin abu dogo mai nauyi kamar guntun taɓarya, na ba taubashi. Wani ɗan siriri kore, tsawon yatsa, mai haƙoran zinariya a gefe guda, yana cikin leda mai ƙyalli, na ga ya yi kama da kayan mata, na ba ƙanwata. Kowa ya juya nasa, ya yi godiya, aka shafa fatiha.

Da mutane suka watse, uwar ƴaƴana tana naɗe tabarma ta ce, "Malam, waɗancan na ƙarshe, mi ne ne?"

"Kayan Abijan ne."

"Na ga na Abijan ne. Mi ake yi da su?"

"Wanda aka ba zai sani."

Kwana uku bayan haka Auta ta sauka daga kabu-kabu da jakarta a baya. Ta gaishe ni, ta sha ruwa, ta ce, "Baba, ina ɗan kwalin da Yaya ya aiko mini daga Abijan?"

Na ce ina zuwa. Na shiga ɗaka na ɗauko madubi, na zaga bayan rumbu, na ciro takardar da ta kwana uku a aljihu. Layi na uku ne, da manyan baƙaƙe, har ya ja layi a ƙarƙashi: ƙaramin kwalin na Auta ne, kada a buɗe.

Na dawo na ce, "Suna nan. Na ajiye su wuri mai kyau."

Daga madafi uwarta ta ɗaga murya: "Wuri uku masu kyau!"

Haka Auta ta ji labari. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta zauna a kan turmi ta ƙirga da yatsu, ta ce saura kwana goma. Ta ce in kira su ta salula yanzu, kowa ya ba mai mota ya kawo.

Na ce, "Auta, ba a karɓe kyauta. Abin da na ba mutum a gaban jama'a, aka shafa masa fatiha, in ce ya dawo da shi? Ta salula kuma?"

"To ƙaƙa za a yi, Baba?"

"Akwai yadda manya suke yi. Mutum zai mayar da kansa ba tare da an tambaye shi ba."

Ta ce mai gyara na Madawa ya taɓa gaya mata zai iya farke cikin na'urar ya ciro inda rubutun yake, ya zuba a wata, sai dai ya ce tsohuwa ce, bai yi alkawarin za ta tashi bayan haka ba. Ta ce gobe za ta koma ya gwada. Nan na yi kuskure na biyu, wanda ya fi na farko. Na ce kada ta bari a farke abin da aka ba ta don Allah. Na ce ta ba ni kwana biyu kawai, zan ajiye mata kayanta a gabanta. Ta dube ni, ta ce to. Ɗiyar kirki ce, ta yarda da ubanta.

Caja ce uwar tafiya, in ba ita na'urar ba za ta ko kunnu ba, don haka na fara da Tamaske. Na iske Yaya a zaure, kishingiɗe a kan gadonsa na kara. Gwiwoyinsa sun daɗe da ƙin yarda. Ina yin sallama na shiga, sai ƙofa ta rufe kanta a bayana, garam. Na zabura. Yaya yana dariya har da tari. Ya ɗaure bakin igiyar a ƙofar, ɗan akwatin kuma yana hannunsa ya zama mariƙi.

"Ka gani, yaro? Tun ranar da ka ba ni abin ga ban sake tashi rufe ƙofa ba. Awaki sun gaji da ni. Ɗan nan naka ya san ciwon tsohonsa."

Baƙo ba ya faɗin abin da ya kawo shi a ranar da ya sauka, don haka na yi shiru. Da la'asar Yaya ya aika aka kira maƙwabta, ya sa ni na fita na shigo sau huɗu domin su ga yadda ƙofar take bi na. Limamin unguwa ya zo shi ma ya ja da hannunsa, ya ce ai wannan sadaka ce mai gudana, ya yi mini doguwar addu'a. Na ce amin da kowa.

Washegari na shiga kasuwa na zaɓo igiya mai kyau, farar roba, wadda ta fi cajar tsawo da kauri. Dabarata ita ce idan ya ga wadda ta fi, zai kwance waccan ya yar, ni kuma in tsinta. Ya karɓa ya ja ta da hannu biyu, ya ce, "Allah shi yi maka albarka." Ya sa aka ɗaura ta a hannun buta. Yanzu yana jan ƙofa da dama, yana jan buta da hagu.

Rana ta uku na zauna kusa da shi na dubi sama na ce hadari ya fara haɗuwa a gabas. Na ce na ji masu ilimi suna cewa irin wannan baƙar igiya mai ƙarfe a ciki tana kiran tsawa.

"Tsawa ta san gidana tun kafin a haife ka," ya ce. "In tana so na, ba ta bukatar igiya."

Salula ta yi ƙara a aljihuna. Auta ce. Na fita bayan gida na ce mata an kusa, an kusa ƙwarai. Na koma zaure da niyyar in buɗe baki in faɗa. Na ce, "Yaya." Ya ce, "Na'am." Na dubi hannunsa a kan ɗan akwatin, har wurin ya yi santsi don riƙo. Na ce zan koma gida. Ya ba ni zabi biyu.

Daga Tamaske zuwa Keita ba nisa, na ce bari in samu ko guda ɗaya kada in koma hannu wofi. Na iske taubashina a gindin bishiyar ƙofar gidansa tare da abokansa, tsofaffin da suka yi aikin jera duwatsu a kan tuddai tare da shi. Ana dafa shayi. Yana riƙe da batirin Auta, yana fasa kan sukari da shi, ƙwas, ƙwas.

"A'a! Ragon Buza!" ya ce. "Kai da ba ka taka garin ga sai mutuwa ko suna. Wa ya mutu?"

"Zumunci ya kawo ni, tsohon banza."

"Zumunci da zabi biyu? Ajiye su, munka gode."

Na ce ba nasa ba ne, amma tuni an wuce da su cikin gida. Ya ɗaga batirin ya auna a hannu, ya dube ni ta gefen ido.

"Ka san mi ne ne wannan?"

"Na sani mana."

"Ni ma na sani. Tun ranar da na dawo jikata ta ce batirin ordinatar ne. Na ce a'a, ɗan kawuna mai ilimin lakkol ba zai ba ni batirin ordinatar ba, ni da ko rediyo sai an kama mini tasha. Sai na zauna ina jiran ka."

Tsofaffin suka fashe da dariya. Ya ce zai ba ni yanzu, ba ya son komai, sai dai in miƙe tsaye a gaban mutanen nan in ce ban iya karatu ba, kuma shi ya fi ni hankali tun muna yara. Magana biyu ce. Wasan taubasai ne, da na faɗa da an yi dariya an manta kafin shayi na biyu. Na ce ni ban zo neman komai ba, ya ci gaba da fasa sukarinsa. Ya ce to madalla. Ya ɗauko wani kan sukarin, ƙwas. Kowane bugu a ƙirjina yake sauka.

Na kwana. Da safe ya zaga yin alwala ya bar batirin a kan tabarma. Tsakanin taubasai ɗauke abu ba sata ba ce, haka na gaya wa kaina. Na cusa shi a cikin riga na nufi inda na tuɓe takalma. Babu takalma. Na duba ƙarƙashin tabarma, na duba bayan randa. Ta kan katanga na ji muryarsa: "Gaida gida, ɓarawo! Ƙasa ba ta yi zafi ba tukuna, yi sauri!" Haka na ratsa garin Keita har tasha ba takalmi, da furfurata, hannu guda a ƙirji kamar mai ciwon zuciya.

Na iso gida rana ta biyar na ajiye batiri a gaban Auta. Ya loɓa a gefe guda, ga sukari a cikin ramukansa. Ta goge shi da bakin gyale ta sa a na'urar ta danna. Shiru. Ta ce sai an cika shi da wuta, wuta kuma sai da caja.

"Baba Babba na Tamaske ya hana?" ta tambaya.

"Bai hana ba."

"To mi ya ce?"

"Ba mu kai ga maganar ba."

Uwarta ta ajiye mini hura da ƙarfi har ta fantsalo. "Girman kai rawanin tsiya," ta ce, ba ta dube ni ba.

Mai hankali da Tamaske zai koma a ranar. Ni kuwa sai na lissafa cewa ƙanwa ta fi yaya sauƙi, in fara gama da mai sauƙi, ƙila kafin nan wata dabara ta zo mini. Na ari takalman ƙanena, na bi ta Madawa, na jira motar Urno har rana ta karkata.

Ƙanwata ta yi murna har ta yanka kaza. Muna hira ina ta waige-waige, ina duba cikin jeren kwanoninta ko zan ga ledar nan mai ƙyalli. Sai surukarta ta fito da jariri, aka ɗora mini shi a cinya. A wuyansa akwai sabuwar laya, jar fata, ɗinki mai kyau. Na taɓa na ji abu mai tauri a ciki.

"Abin da ka ba ni ne, Yaya," ta ce. "Na ga abu mai zinariya, an rufe shi haka da kyau, ya fito daga bakin teku, na ce wannan ba na wasa ba ne. Tun da anka rataya mishi bai yi zazzaɓi ba."

Na auna da yatsana. Bai kai rabin yatsa ba.

"Kamar ya fi haka tsawo."

"Ai baduku ya ce ya yi tsawo ga wuyan jariri, sai ya raba shi biyu da almakashi. Ba mu yar da sauran ba. Ga shi can."

Ta nuna mini akuyarta mai ciki, ɗaure a gindin turke, da ƴar jar laya a wuya tana lilo. Na daɗe ina kallon akuyar nan. Ita ma ta kalle ni tana tuƙa. Na ce Allah ya raya, ya sauke akuya lafiya. Na ci kaza, ban ji ɗanɗanonta ba.

Rana ta takwas na shigo gida ban ga Auta ba. Uwarta ta ce tun bayan sallar asuba ta hau kabu-kabu zuwa Tamaske. Ban gama tuɓe takalman aro ba salula ta yi ƙara. Yaya ne, muryarsa har tsakar gida ana ji.

"Kai yaro! Kwana uku kana cin tuwona kana yi mini zancen tsawa, ashe karatun ɗiyata na ɗaure a ƙofa?"

"Nauyi na ji, Yaya."

"Nauyin wa? Ni da ka yi wa fitsari a baya? Yarinya ta shigo ta gaishe ni, ta ce Baba, igiyar ga ta makarantata ce. Shi ke nan. Kafin ta sha ruwa na kwance mata. Mi ke da wuya cikin wannan?"

Na ce ya yi haƙuri. Ya ce in gaida gida, kuma ya gode da farar igiya, ya mayar da ita ƙofa, ta ma fi daɗin ja.

Washegari na bi Auta zuwa Madawa, na ce ni zan ɗauki jakar. Mai gyaran yana da ɗan shago kusa da tasha, cike da gawarwakin salula. Ya sa cajar a wuta, ya sa a na'ura. Shiru. Ya bi igiyar da yatsa yana matsawa, ya ce wayar ciki ta tsinke a kusa da kai, kamar an daɗe ana jan ta da ƙarfi.

"Mi anka ja da ita?"

"Ƙofa," Auta ta ce.

Ya ɗago ya dube ta, ya dube ni, ya koma kan aikinsa. Ya fere, ya narka dalma ya haɗa, ya naɗe da baƙar leda. Ya ɗauki batirin ya shinshina, ya ce yana ƙamshin shayi. Sannan ya ce ina baret ɗin, wato ɗan koren abin, domin in ba shi na'urar za ta ci gaba da rarrafe.

Na ce, "Yana Urno."

"A aika a kawo mana."

"Rabi yana wuyan jariri, rabi yana wuyan akuya."

Bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya danna. Wata ƴar fitila ta kama, fanka ta fara kuka a ciki, muka tsaya mu uku muna jira kamar masu jiran haihuwa. Da ta buɗe, rubutun yana nan duka, ko layi bai ɓata ba. Auta ta rufe fuska da tafin hannu.

Sai dai rubutun bai ƙare ba. Saura babi guda, da jadawalin amsoshin matan da ta tambaya, aikin da ta ware wa kwana goma. Ta zauna a kan benci a shagon ta fara bugawa. Duk ta yi layi biyar sai na'urar ta tsaya cak tana tunani, Auta ta ɗora hannu a cinya ta jira. Ni ina zaune a bakin ƙofa da jakar wofi a cinyata, ba abin da zan iya. Na sayo mata ruwan sanyi, ta ce ta gode, bai motsa daga inda na ajiye shi ba. Har mai gyara ya tashi rufe shago bayan magariba ba ta kai rabin babin ba.

Da safe ta hau motar Tawa, ta ci gaba da bugawa a cinya har batirin ya ƙare a hanya. Malaminta ya duba abin da ta kawo, ya ce aiki ne mai kyau amma bai kammala ba, ba zai sa hannu a kan rabin abu ba. Ya ce ta dawo bayan damina.

A gida ta yi daminar. Ba ta taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba, har ranar da aka yi ruwan shuka. Ina gaba da sungumi ina sara, tana bayana tana zuba hatsi tana rufewa da ƙafa. Da yake ba na ganin fuskarta sai bakina ya buɗe. Na ce takardar tana aljihuna tun ranar farko, an ce a karanta mini na ƙi. Na ce ta so ta kai wa mai gyara na hana, na ce kwana biyu na ci takwas. Na ce ta yafe mini.

Muka ƙara rami kamar goma. Sannan ta ce, "Na yafe, Baba. Amma ka daina sara kusa-kusa haka, tun da ka fara magana ramukan suke haɗewa."

Bayan girbi ta koma Tawa ta kare aikinta, malamai suka yaba. Ta jira har shekara ta zagayo aka sake buɗe ɗauka, aka tura ta wani ƙauye a ƙasar Keita, tana can har yau, mata suna son ta. Ƙawarta mai ordinatar, wadda suka zauna aji guda, ta riga ta shiga aiki da shekara ɗaya, yanzu ita ce shugabarta a wurin. Duk lokacin da aka fito da takardar ƙarin girma, sunan Auta yana zuwa shekara guda bayan na ƴan ajinsu, kuma ta ce haka zai ci gaba har ta bar aiki. Idan mutane suka tambaye ta dalili takan ce na'ura ce ta lalace mata. Na ce mata ta daina rufa mini, ta faɗi gaskiya. Ta ce ta gwada sau ɗaya, ba wanda ya yarda.